Yaron da Ke Zariya

A ɗakin jiran wani lauya a unguwar Camberwell da ke Landan, Anatu 'yar Kumasi ta ji matar da ke gefenta tana mita da Hausa, sai ta gaishe ta.

"Hajiya, ke ma maganar fasfo ce?"

"Ni da maigidan mun karɓi namu tun bara. Saura yaron nan da ke Zariya. Wai sai na kawo shaidar ni na haife shi."

"Ba su san da shi ba ne?"

"Ranar interview a ofishin fasfo, Baturen da ke yi mana tambayoyi ya tambayi 'ya'yana, na ce uku."

"Su nawa ne?"

"Huɗu. Amma ɗan fari ne, tun yaye yana hannun yayata. Surukina na zaune yana yi mini tafinta, sai in buɗe baki in ƙirga shi? Ina kunya?"

"To, yanzu fa?"

"Ya kusa cika sha takwas. In ya cika, shi ke nan, ba zai samu ta wajenmu ba."

"Faɗa mini sunansa, in sa shi a addu'a."

Matar ta gyara mayafi, ta kau da kai.

"Ki ce yaron Zariya kawai. Allah ya san shi."

Anatu ta dubi ƙofar ofis.

"Allah ya san shi, Hajiya. Wancan na ciki kuwa sai kin faɗa da bakinki."