Goyo Zuwa Tsibirin Rum

Aibina ɗaya ne: in na ga mutum zai faɗa rami, gyara zama nake yi. Ran nan a tashar kwale-kwale ta Konakiri, muna jiran na tsibirin Rum, wani dattijo mai ƙarnin kifi ya dubi saurayin da ke gefensa, shadda fara sol, takalmi sai ƙyalli.

"Ɗana, tuɓe takalmin nan. Can babu gadar sauka, a ruwa ake dira, har gwiwa. Ka kuma sayi tocila tun nan, lantarki bai san hanyar garinmu ba."

"Haba Baba, ni da zan je gaida surukai, in shiga ba takalmi kamar mai tallan kifi? An ce masunta na goya baƙi. In ba ɗayansu ɗan canji, ya dire ni a tudu."

"Masu ciki suke goyawa. Naka wata nawa?"

"Bar zolaya, tsoho. Yau kaɗai zan jure. Ana ɗaura aure, Mabinti ta yi sallama da ƙauyen nan har abada."

"Mabintin wa?"

"'Yar Soriba Bangura. An ce ba shi da wuya, ƙullin goro ya gama da shi."

Dattijon ya daɗe yana kallon takalmin.

"Bar shi a ƙafarka, ɗana. Ni zan goya ka, har ƙofar gidansa."

Na gyara zama. Soriba Bangura ɗaya ne tak a Rum, kuma shi ne ya yi tayin goyon.