Injin Baba Shekari

Baba Shekari ya ɗauko tsohuwar motar yankan ciyawarsa daga Samaru zuwa rumfar wani makanike a Sabon Gari.

Makaniken ya sunsuna tanki. "Baba, wa ya haɗa mata fetur da baƙin mai?"

"Surukina. Ya saba da janareto."

"Zan wanke kafireto, amma ta tsufa. Sayar mini da injin, masu markaɗe na nema."

Baba ya shafa kujerarta. "Da ita nake yanke filin makaranta tun kana goye. Ƙamshin ciyawa har bakin titi."

"Yanzu ina ciyawar? Ko'ina gini ne."

"Wanke kafireton, ɗana. Injin nan ba zai niƙa tattasai ba. Ba na sayarwa."