Kafin a Sallami Tsofaffin Lambobin Ciwo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro. Shugabar asibitinmu, uwarmu a wurin aiki. Likitocinmu da malaman jinya. Baƙinmu da suka zo koya mana sabon tsari, suka yi ta haƙuri da taurin kanmu. 'Yan kwamitin unguwa. Iyayenmu maza da mata da suka cika bencin nan yau ba don ciwo ba. 'Yan'uwana masu shara da masu gadi da masu ba da magani: ina gaishe ku baki ɗaya, da wanda ya samu kujera da wanda ke tsaye a bakin ƙofa.

Ina godiya da aka ba ni damar tsayawa a gabanku. Ni ne mai zama a tagar kati, mai karɓar katinku ya miƙa ciki. Karatuna bai yi nisa ba, amma mai zama a taga yana ganin fuskar mutum lokacin shigarsa, ya kuma gan ta lokacin fitarsa, to abin da na gani shi zan faɗa.

Kowa ya san abin da ya tara mu. Duk ciwon da likita ya gano, akwai lambar da ake rubuta masa a kati. Daga farkon watan gobe za a ajiye tsofaffin lambobin nan, a koma sababbi, masu harafi a gaba da doguwar jela a baya, kuma a cikin kwamfuta. Maganata uku ce.

Ta farko, mu tuna abin da tsofaffin suka yi mana, kada mu sallame su kamar baƙin da ba mu sani ba. Waɗanda suka daɗe da asibitin nan suna tuna marigayi likitan da ya buɗe shi, wanda kowa ke kira Mai Tabarau, Allah ya ji ƙansa. Kuna kuma tuna ɗakinsa, domin har yau shi ne ɗakin: bangon katako wanda bai kai rufi ba, da labule a madadin ƙofa. In mutum ya yi tari a ciki, na kan benci ne ke ce masa sannu. Da Mai Tabarau ya ga haka, sai ya kafa doka. Ya ce, "A gidan nan ba a kiran ciwon mutum da ƙarfi. Wanda zai yi magana ya kira lamba." Lambobin da aka yi su don rahoto sai suka zama mana mayafi. Malamar jinya ta ɗaga murya ta saman katako ta kira lamba, mai magani ya amsa daga tagarsa, maƙwabcinka na zaune kafaɗa da kafaɗa da kai bai san komai ba. Ina ƙarami nakan rako goggona nan, ina jin lambobin suna wucewa ta saman kanmu, fanka na ƙara, Mai Tabarau na leƙowa ta saman gilashinsa yana tambaya wa ya ci abinci wa bai ci ba. Mutane nawa suka shigo da kai a sunkuye suka fita da shi a ɗage saboda wannan doka? Aure nawa ta tsare? Mutunci nawa ta rufe? Allah ne ya sani.

Ta biyu, sababbin lambobin ba abokan gabanmu ba ne. Makonnin nan da muke gwaji, muna rubuta tsohuwa da sabuwa gefe da gefe, na ga amfaninsu da idona. Da, ciwon gwiwa ciwon gwiwa ne, shi ke nan. Yanzu sai an faɗi ta hagu ce ko ta dama, faɗuwa ce ko tsufa, zuwan farko ne ko dawowa. Baba mai gadi, ga shi can yana dariya, da aka karanto masa sabuwar lambar gwiwarsa sai ya ce, "Kai! Ashe ciwon nawa ya yi karatu ya bar ni a bakin get." Dariya muka yi, amma gaskiya ce: duk asibitin da ya je a nan gaba, za a san wace gwiwa ce ba sai ya naɗe wando ba. Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana ma'aikata, kada mu gaji da koyo, kada mu ji kunyar tambaya, kada kuma mu yi wa kwamfuta zato. In ba ka tabbata ba, tashi ka tambayi likita.

Ta uku ita ce ta fi mini nauyi, kuma sai da na nemi izinin mai ita kafin in kawo ta nan. Ta ce in faɗi komai ban da sunan ciwon. Lambar ma ba zan faɗa ba, don rabin ɗakin nan kun haddace su.

Goggona, wadda ta riƙe ni tun ina goye, ta tsufa tana karɓar magani a wannan asibiti, kuma maganin ba na wasa ba ne, in ya yanke akwai haɗari. Amma duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa jin sunan ciwonta ba. Lambarta kawai ta sani. Takan zo taga ta ce, "Na zo saboda lambar nan tawa," a ba ta magani ta tafi. Ba ita kaɗai ba ce. Dokar da ta rufa wa iyayenmu asiri a gaban jama'a, a hankali ta rufe musu abin har a gaban kansu, ba da nufin kowa ba.

To sabuwar lamba ba ta rubutuwa sai likita ya sake zama da mutum, ya tambayi yadda abin ya fara, da yadda yake zuwa, ya kira shi da sunansa. Da na gaya wa Goggo haka, sai ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta ce, "A bayan wannan labulen? Matar mai gidan hayarmu tana benci tana saurare? Ni da lambata muka tsufa. In sun kashe ta, su bar ni in bi ta." Ranar zuwanta ta yi, ba ta zo ba. Kullum da safe ina girgiza kwalbar maganinta ina jin ƙararta na raguwa. Ban matsa mata ba, domin Goggo in ka ja ta gabas, yamma take yi. Ina dai gaishe ta, ina ajiye mata takalmanta a inda za ta gani.

Na kai maganar wurin sabuwar likitarmu. Ta ce, "Wane ɗaki ne ke da ƙofa a ginin nan?" Na ce sito kaɗai. Ta ce, "To sito ya zama ofis." Da hannunta ta taya mu ture kwalaye, muka sa kujeru biyu. Na koma na ce wa Goggo akwai ƙofa, har da sakata. Ta ce, "Ta ƙarfe ko ta yaudara?" Na ce ta zo ta taɓa da kanta.

Ta zo. Ta taɓa. Ta shiga suka rufe, ni kuwa na koma tagata ina ta miƙa kati, hankalina na kan ƙofar sito. Sun daɗe. Da ta fito na raka ta bakin titi, sai na ji tana maimaita wata kalma a hankali, kamar mai bitar karatu. Ta ce, "Ashe suna gare shi kamar kowane ciwo. Ta ce ba ni kaɗai ba ce." Can ta tsaya ta dube ni. "Kai ka sani?"

Na ce, "Na sani, Goggo."

"Tun yaushe?"

"Tun da na fara aiki a taga."

Ta harare ni. Sannan ta ce, "Ja'iri. Kuma ko a fuska ban taɓa gani ba." Ta kama hannuna muka tsallaka titi, maganinta na ɗaure a bakin gyalenta.

Jama'a, ga roƙona. Ya shugabar asibiti, ya 'yan kwamiti, a bar mana wannan ɗaki mai ƙofa, kada kwalaye su koma cikinsa. Kada ranar canji ta zo sai an zauna da kowane dattijo da kowace dattijuwa da ke zuwa da lamba a baki, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, an gaya musu sunan abin da suke fama da shi. Ku kuma iyayenmu, in kun san wani da ya daina zuwa tun da aka fara maganar nan, ku je ku gaya masa akwai ƙofa, kuma tana rufuwa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Allah ya ƙara wa likitocinmu basira da haƙuri, ya tsare hannuwanmu daga kuskure. Allah ya gafarta wa waɗanda suka gina wurin nan suka riga mu gidan gaskiya, ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.