Jan goro ya ɓoye mini ciwon dasashi

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Alhaji Idi mai kamiyo ne, daga Gaya.

Ba wanda ya ɗaga ni. Da gumina na mallaki kamiyo uku, manyan motocin ɗaukar kaya, kuma ban taɓa kwana asibiti ba. Shekara ashirin ina cin goro a hanyar Kwatano. Dasashina na zubar da jini, ni kuwa ina cewa jan goro ne. Da haƙora suka fara motsi, na koma goga gawayi da gishiri. Da na je wurin lokotoro, wato likita, ya ce, "Alhaji, ka makara, huɗun gaba sai cirewa."

Jiya jikata Nana ta ƙi hawa cinyata, ta ce, "Kaka, bakinka na wari." Wallahi sai da na yi hawaye.

Jama'a, ku ba ni shawara. Yaya zan ceci sauran?