Sunan da Ba Ya Cikin Takarda

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma shugaban asibitinmu, likitoci manya da ƙanana, 'yan'uwana ma'aikatan jinya da ungozomomi, masu ɗakin gwaje-gwaje, masu shara da masu wanki da masu tura gadon marasa lafiya da nake hangowa tsaye can bakin ƙofa, iyalan marigayiya, jama'a maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama, ko da yake ba da daɗin rai na tsaya a gabanku ba. Shekara ashirin da biyu ke nan ina riƙe da ɗakin rigakafi na wannan asibiti. An ce in bayyana abin da ke hana mu, ma'aikatan lafiya, karɓar allurar da muke yi wa wasu. An ba ni alƙaluma in karanta, amma na ajiye su, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Duk kun san matar da muke kira Gwaggo Sauri, mai wankin zannuwan gado na sashen haihuwa. Tafiyarta ce ta ja mata sunan, kafin ka ce a kawo zani ta dire shi. Wata Talata da hantsi, lokacin da muke yi wa ma'aikata rigakafin ciwon hanta, irin wanda ake ɗauka ta jini, sai ga ta a ƙofata, hannunta da kumfar sabulu, ta riga ta naɗe hannun riga. Ta ce, "Ranki ya daɗe, na ji ana rabon allura, na ce kada a cinye babu ni." Muka yi dariya. Na duba takarda sama da ƙasa, babu sunanta, domin ita ma'aikaciyar wucin gadi ce. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ki dawo mako mai zuwa." Ta sauke hannun rigarta, ta ce, "Ba komai, 'yata, Allah ya kai mu."

Mako ya zagayo, allura ta ƙare.

Bayan wata biyu, allurar da wani a cikinmu ya manta a cikin zani ta soki Gwaggo a yatsa. Ta matse jinin, ta ɗaure da tsumma, ba ta gaya wa kowa ba, don tsoron kada a ce sakacinta ne a sallame ta. Idonta ya fara rawaya muna wuce ta a baranda muna cewa sannu da aiki. Ta rasu a kan zanin da ita ta wanke.

To, ga abin da na gani. Na farko, takarda. Mun raba ma'aikata gida biyu, na dindindin da na wucin gadi, alhali cuta ba ta tambayar takardar ɗaukar aiki. Wanda ya fi kowa taɓa jini shi muka fi mantawa da shi.

Na biyu, lokaci. Muna buɗe ɗakin awa biyu a mako, daidai lokacin da likita ke zagaya marasa lafiya, ungozoma na tsaye kan mai naƙuda, mai wanki na gaban baho. Allurar nan kuwa sau uku ake yin ta. Nawa ne a nan suka karɓi ta farko, suka ce za su dawo, yau shekara huɗu? Kada ku ɗaga hannu, na san ku.

Na uku shi ya fi ciwo, wato tsoro da kunya. Wata abokiyar aikina, wadda ta yi wa dubban yara allura, ta taɓa jan hannuna gefe ta ce, "Yaya, ban haihu ba tukuna, kuma uwar mijina ta ce abin nan na taɓa mahaifa." Na yi mata faɗa maimakon in zauna da ita. Tun daga ranar ba ta sake taka ƙofata ba. Farar riga ba ta cire wa mutum fargaba, sai dai ta hana shi faɗa.

Saboda haka ina roƙon shugabanni, a rubuta sunan duk wanda ke shiga ɗakin mara lafiya, ko da tsintsiya yake shiga. A bar mu mu ɗauki akwatin sanyi mu bi mutane inda suke aiki. Wanda allura ta soka, a karɓe shi da magani, kada a karɓe shi da tuhuma.

Ranar da muka je gaisuwa, babbar 'yar marigayiya, ga ta nan zaune a layi na biyu, ta raka ni har bakin titi. Ta ce, "Anti, wai da gaske ne ciwon nan yana da rigakafi?" Na ce da gaske ne. Ta ce, "A ina ake samunsa?" Taku goma sha biyar ne tsakanin ɗakina da wurin wankin mahaifiyarta.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya ba iyalanta haƙuri, ya yafe mana abin da muka gaza. Allah ya tsare hannuwan da ke jinyar bayinsa, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.