Dariyar Hadda

"Matata kake leƙe!" in ji wani masunci, ya fizge madubin hangen nesa daga hannun wani dattijo. A bakin tafkin Marja Zarka ne, da kaka, mata na cikin laka suna tonon ƙaguwa.

"Shamuwa nake kallo, ɗan'uwa! Mai zobe a ƙafa, kaka uku ina jiranta. Ba ni kafin ta tashi!"

"Shamuwa mai jan kallabi ko, Malam?"

"Duba da kanka mana."

Masuncin ya duba. Shamuwar ta tashi, dattijon ya dafe kai. Masuncin bai sauke madubin ba.

"Ga matata Hadda can, har da riƙe ciki," ya ce a hankali. "Shekara ashirin muna tare. Dama tana dariya haka?"