Muryar Suruki a Kan Bugu

A bencin shagon gyaran kwamfuta, mai tace bidiyo ta gaji da surutun wani mai haɗa kiɗa da ke zaune gefenta.

"Hajiya, manhajarku ta hoto ce! Aikin sauti sai tamu. Ki yanko kiɗa kaɗan, ta yi ta maimaita shi, komai ya hau kan bugu da kansa."

"Malam, ni magana nake gyarawa. In yanke tari, in rage hayaniya, shi ke nan. Wa ya ce mai magana ya bi bugu?"

"Ai da kanta take jan komai."

"Har muryar mutum?"

Ya sosa ƙeya. "Surukina ya naɗi tarihin gidansu da muryarsa, ya ba ni in goge ƙarar fanka, na saka a manhajarmu. Yanzu maganar tsohon gudu take kamar an biyo shi. Kuma yau zai saurara."

"Ikon Allah! To ɗauko na asalin, a tawa minti biyar ne."

Ya ce, "Na ajiye sabon a kansa, na asalin ya goge."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ja tsaki.

"Sai ka ƙara masa ganga, ka aiki matarka ta kai."